Wace sandar fatsa da wane inji ne za su jure ruwan gishiri?

Ɗan Dadin Kowa ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ni mazaunin Gombe ne, kuma na daɗe da mayar da fatsa abin hutuna, domin kusan kowace Asabar nakan hau babur zuwa madatsar ruwa ta Dadin Kowa, in zauna a gaɓa daga hantsi har la'asar, in dawo gida da karfasa da tarwaɗa, wani lokaci har da ɗan giwan ruwa idan rabo ya rantse. Yanzu wurin aikina sun tura ni Legas na tsawon shekara biyu, wani abokin aiki kuma ya shaida mini cewa ana fatsa sosai a bakin tafkin Legas da wajen Tarkwa Bay da Badagry.

Abin da ya sa nake neman shawara shi ne, bara na je can na mako ɗaya, na tafi da sandata da injin naɗe zaren da na shekara biyar ina aiki da shi bai taɓa ba ni matsala ba. Kwana biyu kacal na yi ina jefa ƙugiya da shi, na mayar da shi jaka na dawo Gombe. Bayan kamar mako uku da na ɗauko shi, sai na tarar hannun ya cije, wani farin gari kamar kanwa ya fito kewayen kusoshinsa, zobban sandar kuma duk sun yi tsatsa. Ba na so in sake asarar kuɗi irin wannan. Wace irin sanda ya kamata in nema, kuma wane girman inji? Na ga wani da ake tallarsa a intanet da araha, an ce yana da boris 13, wato ƙananan zobban ƙwallayen ƙarfe da ke sa inji juyawa sumul, shin yawan boris alamar inganci ce?

Baban Hanifa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni ma kafin in yi ritaya in dawo gida Bauchi na yi shekaru ina aiki a Apapa, kuma abin da ya sami injinka ya sami nawa na farko, saboda haka ba ka fara ba. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma ko da ruwan ya bushe gishirin ba ya tafiya, sai ya zauna a lungunan injin yana jawo laima daga iska yana cin ƙarfe. Farin garin nan da ka gani alminiyom ne ya fara ruɓewa, ya kuma fi fitowa a wajen kusoshi saboda idan ƙarfe iri biyu suka haɗu cikin ruwan gishiri, ɗaya yana sa ɗaya ya lalace da sauri. Kada wani ya ruɗe ka da cewa ruwan tafkin ba shi da gishiri sosai. Da damina gishirinsa yana raguwa saboda ruwan koguna da ke kwarara ciki, amma da rani yana ƙaruwa, musamman idan ka matso kusa da mashigar jiragen ruwa inda tafkin ya haɗu da teku.

Game da sanda, idan a bakin tafki za ka tsaya, ko a kan duwatsu, ko cikin kwale-kwale, ka nemi mai tsawon ƙafa 7, wato mita 2 da ɗan ɗoriya, mai matsakaicin ƙarfi ko wadda ta ɗara matsakaici kaɗan. Idan ka duba jikinta sama da mariƙi za ka ga an rubuta ƙarfin zaren da ya dace da ita, kuma wadda aka rubuta wa laba 10 zuwa 20 ta ishe ka (laba ɗaya ba ta kai rabin kilo ba da kaɗan). Sai dai idan a kan yashin bakin teku za ka tsaya kana son jifa ya tsallake igiyar ruwa, to nan ƙafa 7 ta yi kaɗan, sai ka nemi ƙafa 10 ko fiye, amma ban ba ka shawarar ka fara da wannan ba. Sandar da aka yi da girafait, wato zaren kabon, ba ta da nauyi, kuma ko kifi ya ɗan taɓa koto za ka ji a tafin hannunka, wadda aka yi da faiba kuwa, wato zaren gilashi, ta fi nauyi amma ta fi juriya. Ni dai girafait nake riƙewa, domin wanda zai wuni yana jifa yana jawowa, kafaɗarsa za ta gaya masa bambancin kafin azahar. Ka kuma duba zobban da kyau, su kasance na ƙarfen da ba ya tsatsa, da tangaran a cikinsu.

Inji kuwa, da lamba ake nuna girmansa, kuma mai lamba 3000 ko 4000 shi ne daidai da wannan sanda. Maganar boris 13 ka manta da ita, talla ce kawai. Boris biyar na ƙarfe mai kyau waɗanda aka rufe bakinsu sun fi goma sha uku na banza, domin kowane boris buɗaɗɗe wata ƙofa ce da gishiri zai samu wurin zama. Abin da za ka tambaya shi ne ko an toshe jikin injin da roba don kada ruwa ya shiga, da kuma ko birkinsa, wato abin da ke riƙe zare ya sake shi idan jan kifi ya yi ƙarfi, yana sakin zare sumul ba tare da fizga ba. Kamfanin Penn na Amurka, wanda aka kafa a Filadelfiya a 1932, ya yi suna ne a kan injunan teku, haka nan Shimano da Daiwa na Japan suna da na ruwan gishiri, amma ka lura akwai jabu a kasuwa masu ɗauke da waɗannan sunaye, kuma araha fiye da kima ita ce ke fara tona su.

A kan zare, ka sa kitsattsen zare mai laba 15 ko 20, domin siriri ne kuma ba ya miƙewa, amma ka fara naɗa ɗan zaren roba a ƙasa, in ba haka ba zai riƙa zamewa a kan bobin kifi yana ja kai kana juya hannu a banza. A bakinsa ka ƙulla zaren roba mai laba 30 kamar tsawon hannu, saboda duwatsu da ɓawon kawa suna yanke kitsattsen zare nan take. Inda kifin tekun nan barakuda take kuwa sai ka ƙara guntun waya, domin haƙoranta irin na tsage ne, har sun fi.

Abu ɗaya da mu 'yan tudu ba mu saba da shi ba shi ne cika da janyewar ruwa. A Legas ruwa yana cika sau biyu ya janye sau biyu a kwana ɗaya, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50. Ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, saboda haka lissafin watan Musulunci da ka riga ka sani zai yi maka amfani. Kifi ya fi cin koto lokacin da ruwa ke tafiya, ba lokacin da ya tsaya cik ba.

Mai Gyaran Keken Ɗinki, Jekadafari, ya amsa:

Alhaji Baban Hanifa ya gama magana a kan saye, Allah ya saka masa da alheri. Ni ban taɓa ganin teku da idona ba, amma injuna uku da suka sha ruwan gishiri sun zo teburina, kuma duk wanda na buɗe abu ɗaya nake tararwa: giris ya koma kamar dusa mai ruwan ƙasa, ɗan gargaren da zare ke bi ta kansa ya daskare, har zaren ya sassaƙa masa hanya. Masu su kuma kowa ya ce mini ya wanke, da na bincika sai na gane yadda suka wanke ɗin ne ya kashe injin, domin ɗaya ya tsoma nasa cikin bokiti ya bar shi ya kwana, ɗaya kuma ya sa masa ruwan tiyo mai ƙarfi, wanda ya tura gishirin can cikin haƙoran injin.

Yadda ya dace shi ne, a ranar da ka dawo, kafin ka ci abinci, ka ɗaure birkin tamau don kada ruwa ya shiga fayafayansa, sannan ka ɗebi ruwa mai daɗi a buta ka riƙa zubawa a hankali a kan injin da zaren da ke naɗe, ka goge da tsumma, ka bar shi ya sha iska a inuwa. Idan ya bushe sai ka kwance birkin gaba ɗaya kafin ka ajiye, domin idan ya daɗe a ɗaure fayafayan suna matsewa su daina sakin zare daidai. Bayan fita uku ko huɗu ka ɗiga mai ɗigo ɗaya a gargaren nan da mariƙin hannu da gaɓoɓin wayar nan da ake buɗewa kafin jifa a kife ta bayansa. Man da aka yi don injin fatsa ya fi, idan babu shi man keken ɗinki zai riƙe ka, amma kada ka fesa man feshin kwance tsatsa na WD-40 a cikinsa, domin yana narkar da giris. Sau ɗaya a shekara a buɗe shi a canja giris, kuma wanda zai buɗe ya ɗauki hoton kowane mataki da waya, domin akwai ƙananan sifirin da idan suka yi tsalle sai dai haƙuri.

Sandar ma a wanke ta, a bi ƙafafun zobban da tsohon buroshin haƙori. Lokaci zuwa lokaci ka zura auduga cikin kowane zobe, idan ta maƙale ko ta bar zare-zare, tangaran ɗin ya tsage, kuma shi ne zai yanke maka zare ranar da babban kifi ya kama. In ka zo hutu gida lokacin hunturu ka naɗe injin cikin tsumma, saboda ƙurarmu idan ta haɗu da mai tana zama kamar yashi, kuma kada ka bar kayan a bayan mota cikin zafin Maris da Afrilu, domin zaren roba yana mutuwa.

Masuncin Gubi ya amsa:

Da girmamawa, ban yarda da Alhaji a kan girafait ba, aƙalla ga wanda zai fara. Mutumin da zai ɗora kayansa a motar haya daga Gombe zuwa Legas, sannan ya riƙa shiga kwale-kwale tare da fasinjoji da lodi, ba ya bukatar sandar da idan ta bugi dutse sau ɗaya za ta yi rauni a ɓoye ta karye bayan wata guda. Tawa ta karye ne a madatsar Gubi lokacin da na ɗaga ta tsaye ƙyam ina ƙoƙarin fito da tarwaɗa, kan ya tashi kamar karan dawa. Akwai masu gauraya faiba da girafait, irin su sandunan da ake kira Ugly Stik, kuma mai gida biyu da ake harhaɗawa ta fi sauƙin ɗauka. Sannan girafait yana ɗaukar lantarki, Legas kuwa garin hadari ne, saboda haka da ka ji tsawa ka kwantar da sanda ka bar bakin ruwa.

Ɗan Dadin Kowa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na tsayar da shawara a kan mai gauraye, ƙafa 7, gida biyu, da inji mai lamba 4000, idan hannuna ya faɗa sai in koma irin ta Alhaji. Saura tambaya ɗaya: yaya zan san na ɗaure birki daidai, tun da a Dadin Kowa da ka kawai nake yi?

Baban Hanifa ya amsa:

Zaɓinka bai yi laifi ba, maganar motar haya kuma gaskiya ce, ni ban kawo ta a raina ba. Birki ana ɗaure shi ne a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zare, wato zare mai laba 20 ya fara fita idan jan ya kai laba 5 ko 6, kimanin kilo biyu da rabi. Ka zura zaren cikin zobba, ka ɗaura galan a bakinsa da ruwa lita biyu da rabi a ciki, ka ɗaga a hankali sandar tana karkace, kada ka miƙar da ita tsaye. Idan galan ɗin ya fara barin ƙasa zaren kuma ya fara fita sannu a hankali, ka samu. Ka ja shi da hannu sau biyu ko uku don hannunka ya riƙe nauyin, domin a bakin ruwa ba za ka tafi da galan ba.