Neman kalmar Hausa: me za mu kira Superflat na Takashi Murakami?

Mai-Fassara: Assalamu alaikum. Jama'a, ana neman kalmar da za ta tsaya a madadin Superflat, sunan da Takashi Murakami, mai zane ɗan Japan, ya raɗa wa salonsa a 2000. Rubutun da ake fassarawa kan ra'ayinsa ne game da fasaha da sana'a, kalmar kuma ta cika shi. Abin da ke hannu biyu ne: "shimfiɗaɗɗen zane", ko a ara a ce "sufafalat".

Malamar Fasaha: Wa alaikumus salam. Malam, kalmar nan kaya biyu ta ɗauko. Na farko na ido ne: zane ba zurfi, ba inuwar da ke nuna na kusa da na nesa, ko'ina ido ya sauka daidai yake da ko'ina. Murakami ya ce wannan gadon Japan ne, tun daga masu zanen zamanin Edo, wato ƙarni na 17 zuwa na 19, irin su Hokusai da Ito Jakuchu har zuwa katun na talabijin. Shi kansa zanen gargajiya na Nihonga ya karanta, har digirin digirgir a jami'ar fasaha ta Tokiyo a 1993. Na biyu na daraja ne: a ganinsa, a Japan ta bayan yaƙin duniya na biyu babu katanga tsakanin zanen gidan tarihi da kayan kasuwa. Furen nan nasa mai murmushi yana kan allon da attajirai ke saya, yana kan riga da maƙalin mukulli. A 2003 ma ya yi wa Louis Vuitton zanen jakunkuna. "Shimfiɗaɗɗe" ya ɗauki na farko, ya yar da na biyu.

Mai Buga Riga: Ni "sumul" na so. Duk wanda ya san yadda ake aikin zai ga dalili. Murakami ne yake zana asali da hannu a ƙaramar takarda. A shigar a kwamfuta, a sake bin layukan da manhajar zane ta Adobe Illustrator don a iya faɗaɗa su ba tare da sun dusashe ba. Kowace kala a ba ta lamba, a haɗa ta a ajiye. Shi kuma allon sai a shafa masa farin fenti na share fage, ya bushe, a goge da sanfefa, a sake shafawa, a sake gogewa, har saƙar yadin allon ta ɓace. Sannan a buga da sikirin, wato yadi mai ƙananan huda kamar rariya da aka ɗaure a firam, kala ɗaya sikirin ɗaya. Inda ake samun matsala: sikirin ya goce ko da milimita ɗaya, sai farin layi ya fito tsakanin kala biyu. Ƙura ta sauka kan ɗanyen fenti, sai ƙurji. Fentin akirilik kuma yana ƙara duhu in ya bushe, don haka wanda ya gwada kala tana ɗanya zai ga faci daga baya. Duk wahalar nan don kada a ga sawun buroshi ne.

Malamar Fasaha: Bayaninka ya yi, Malam, amma sumul laushin fuskar allo yake nufi. Ana iya yin zane mai zurfi da inuwa, fuskarsa kuma ta fito sumul. A riƙe ta don gamawar aiki, kada a ba ta sunan salon.

Dattijo: Ku dakata, yara. Shin a fassara ma? Mutumin nan da gangan ya raɗa sunan da Turanci, bai yi da Japananci ba. Ra'ayinsa, wanda ya rubuta littafi a kai a 2006, shi ne mai zane ɗan kasuwa ne, kuma kasuwar fasaha ta Turai da Amurka tana da ƙa'idojinta: ba kyan zane kaɗai ake saya ba, har da bayanin inda ya tsaya a tarihi. Sunan nan tambarin haja ne. Da shi ya kai baje kolin Los Angeles a 2001, a 2008 kuma aka yi gwanjon wani mutum-mutumi nasa a Niyok kan dala miliyan 15 da ɗoriya. Ba a fassara Facebook.

Mai-Fassara: Gaskiya ne Baba, sai dai mai karatu ya ga "sufafalat" ba zai fahimci komai ba, wani ma ya ɗauka gidan haya ne.

Malamar Fasaha: To ga shawara: "bai-ɗaya". Muna cewa fili ya zama bai ɗaya in ba tudu ba kwari, muna kuma cewa an yi wa mutane bai ɗaya in ba a fifita wani ba. Ma'anonin biyu ke nan cikin kalma guda. Har tsarin aikinsa ta taɓo: a kamfaninsa Kaikai Kiki, wanda ya kafa a 2001 bayan ɗakin aikinsa na farko, Hiropon Factory ta 1996, hannaye da yawa ne ke aiki ɗaya, kuma dole ya fito kamar hannu guda. Zanensa na Arhat 500, wato waliyyan addinin Buddha su 500, mai tsawon mita 100 da aka fara nunawa a Doha a 2012, ɗalibai fiye da 200 ne suka sa hannu. Tsari ne irin na gidan zanen Kano na tsohuwar Japan, ubangida da almajirai. Kanon Japan fa, sunan zuri'a ne, ba ta Dabo ba.

Mai Buga Riga: Ba za ta rikice da asusun bai ɗaya na gwamnati ba?

Malamar Fasaha: In aka bar ta tsirara, za ta iya. Kullum a haɗa ta da "salo" ko "zane", a kuma sa karan ɗori a tsakiya.

Dattijo: Na yarda, da sharaɗi: sunan asali ya fito a ambato na farko, don mai neman ƙarin bayani a intanet ya san abin da zai rubuta.

Mai-Fassara: An tsaya a nan: farkon ambato "Superflat, wato salon bai-ɗaya", daga nan "salon bai-ɗaya" ko "zanen bai-ɗaya". "Sumul" na gamawar allo ne. "Sufafalat" an ajiye ta. Allah ya saka da alheri.