Ruwan Juma'ar nan da sojan igiya

Baba Na-Bagalam:
Jama'a, ga baiti kan ruwan Juma'a 30 ga Agustan 2024, wanda ya zuba milimita 150 cikin minti 90 a garinmu Maraɗi, Nijar. Mai iyawa ya amsa.

Hadari ya taso gabas yana harbawa,
Kafin mu naɗe tabarmi, katanga na zubewa,
Na kira 'yan kwana-kwana a lamba 18 hannuna na karkarwa,
Sai ga jar mota, jiniyarta na kuwwa.
Yaro ya ɗaure igiya a ƙugu, ya faɗa ba tsayawa,
Ko takalmin ƙafarsa bai damu da cirewa,
Ya goyo jikata, tana kuka, yana lallasawa.
Ban san sunansa ba, addu'a nake aikawa.

Ɗiyar Gulbi:
Sannu da arziki, Baba, ka ga alheri,
Mu a lungunmu motar ta yi jinkiri.
Samarin fada su suka zo da tsani da sauri,
Suka fid da tsohuwa, da awaki, da buhun gari.
Soji sun iso an gama, ana shirin kai mutum kabari.

Tsohon Soji:
Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ɗiyata. Amma saurara:

Ɗan kwana-kwana a ƙasar nan soja ne cikakke,
Horonsa na bariki, rantsuwarsa a sanƙame take.
Gari guda na kira, kowace hanya a yanke,
Mota ba ta iyo, inda ruwa ya ci kwalta sai ta maƙale.
Ina zai fara? Ko'ina kuka ne a baje.

Ɗiyar Gulbi:
Kawu, amsa-amonka ya karye a baiti na huɗu. Amma na ji maganar.

Mushen Lakwal:
Ni nawa ya zo bayan ruwa ya janye,
Ajina ya zama ɗakin kwana, tebura a jingine,
Tukunya a gindin allo, zane a taga a shanye.
Soji sun sauke shinkafa da barguna, an rarrabe,
Komawa lakwal sai 28 ga Oktoba, an ɗage.
Wanda ya ciro ka daga ruwa ya yi nasa, a gode,
Amma yashe lambatu aikin wa ne? Leda ce a cushe.

Baba Na-Bagalam:
Mushe, ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi.

A 1945 Gulbi ya ci tsohon gari ɗungurungum,
Iyayenmu suka hau tudu da kayansu rankatakaf, jugum.
Yau jikoki na gini a bakin kwari, mun yi gum.

Tsohon Soji:
Asabar da hantsi zan fito da shebur da baro. Ɗiyata, ki gaya wa samarin fadarku su zo da tsanin nan, mu fara da lambatun lungunku.