Wai me za mu kira maitokondiriya da Hausa?

Salamu alaikum jama'a. Ina haɗa bayani ne don mata masu cutar maitokondiriya da ke son ɗaukar ciki, sai sunan ya gagare ni. Wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa ne a cikin kusan kowace ƙwayar halittar jiki, su ke ƙona abincin da muka ci da iskar da muka shaƙa su ba jiki ƙarfi, in suka samu matsala sai ƙwaƙwalwa da zuciya da ido da kunne su fara jin jiki. Ku kawo shawara.

— Janareton jiki mana, kowa zai gane.

— Janareto ɗaya ake ajiyewa a gida ai, waɗannan kuwa ɗaruruwa ne ko dubbai a ƙwaya ɗaya, kuma a mace guda wasu lafiyayyu wasu masu matsala, shi ya sa uwa za ta zauna garau ɗanta ya zo da ciwon mai tsanani.

— Ni ungozoma ce, a ce ciwon gadon uwa kawai tunda ta wajen uwa ake gadonsu.

— Anti don Allah a'a. Gaskiya ne DNA ɗin maitokondiriya, wato saƙon gadon da ke cikinsu, mai ɗauke da ƙwayoyin gado (jin) 37, daga ƙwan uwa yake zuwa, amma da yawa cikin cututtukan nan, musamman na yara, daga sauran DNA ne da uba ma yana da hannu. Kin san dangin miji, suna jin gadon uwa an gama, ita za a ɗora wa laifi har a fara zancen ƙarin aure, ita kuma ta ɓoye ciwon ta ƙi zuwa asibiti alhali ita ce ta fi kowa buƙatar a duba mata zuciya da suga da hawan jini tun kafin ta ɗauki cikin, a duba magungunanta ma, irin su valproate na farfaɗiya da ke cutar da ɗan tayi, likita ne zai canza ba ita za ta daina da kanta ba.

— To murhun ƙwayar halitta fa? Ƙonawa dai suke yi.

— Wannan ya zauna. Har dashen da ake haɗa DNA ɗin uwa da uba da lafiyayyun maitokondiriya na ƙwan wata mace, da Ingila ta halatta a 2015, wanda a 2025 likitocin Newcastle suka ce an haifi jarirai 8 ta hanyarsa, sai mu ce dashen murhu, ya fi "jariri mai iyaye uku" da 'yan jarida ke ta yayatawa.

Na gode, na ɗauki ciwon murhun ƙwayar halitta. Amma zan bar maitokondiriya a gefensa, don shi za ta gani a takardar asibiti in ta je awo.