Majalisa ce ko Zaure? Neman sunan Hausa ga "Academy" ta Fafaroma

Salamu alaikum 'yan uwa masu harkar fassara. Jiya ina kan wani labari daga Batikan, kalma ɗaya ta tsayar da ni cak: Academy, a cikin sunan Pontifical Academy of Social Sciences. Labarin na wani rukunin masana ne da Fafaroma John Paul na Biyu ya kafa ranar 1 ga Janairun 1994 don nazarin tattalin arziki, shari'a, siyasa da zamantakewa. Har na rubuta "makaranta", sai na goge.

Na goge ne don babu ɗalibi a wurin, babu aji, babu jarrabawa. Academy ta sojoji da ke Kaduna in mun ce makarantar horar da hafsoshi mun yi daidai, don koyarwa ake yi. Wannan kuwa manyan masana ne, daga ashirin zuwa arba'in, Fafaroma ke naɗa su, kuma ba sharaɗi ba ne mutum ya zama ɗan Katolika. Joseph Stiglitz, Ba'amurken da ya ci kyautar Nobel a 2001, yana cikin waɗanda aka naɗa. Sukan haɗu a wani tsohon gida, Casina Pio IV, a tsakiyar lambun Batikan, kowa ya gabatar da takardarsa, a yi muhawara, daga baya a buga. Cocin Katolika ta daɗe tana magana kan haƙƙin ma'aikaci, tun wasiƙar Fafaroma Leo na 13 a 1891, kuma tana son maganarta ta tsaya a kan bincike. Aikinsu ke nan.

Wani malamina ya ce in sa "cibiya". Malam, da girmamawa, cibiya tana kawo wa mai karatu hoton gini da ofisoshi da masu karɓar albashi, alhali waɗannan kowa yana wurin aikinsa, taro ke haɗa su. "Ƙungiya" kuma kowa kan yanki kati ya shiga. Nan sai an zaɓe ka. "Akadami" ban ma saurare ta ba, don ba ta gaya wa mai sauraron rediyo komai.

Saura biyu: zaure da majalisa.

Zaure ya yi mini daɗi ƙwarai. A zaure malami ke zama bayan Asuba da littattafai a gefe, ana ja ana fassarawa. Amma can ma akwai malam a kan buzu da almajirai a gabansa, ga shi waɗannan duk tsaran juna ne.

Shi ya sa na karkata ga majalisa. Tun kafin zuwan masu yin doka muna da majalisar sarki: zaɓaɓɓun mutane kaɗan, naɗa su ake yi, su auna magana su ba da shawara, hukunci yana hannun mai gida. Siffar ke nan kusan sak. Na gwada ta da yayarta da suke gida ɗaya, wato ɗaya Academy ɗin ta Fafaroma, ta zauna lafiya: Majalisar Masana Kimiyya ta Fafaroma. Tamu kuma Majalisar Masana Zamantakewa ta Fafaroma. Na cire "kimiyya" daga ta biyun da gangan, kada kunne ya haɗa su.

Wata 'yar uwa ta ja hankalina ga wani tarko, kuma gaskiyarta: kada a kuskura a kira mutum ɗaya daga cikinsu "ɗan majalisa", nan take tunanin mai sauraro zai tafi Abuja ko Yamai. Don haka "mamba" na rubuta, Sista Helen Alford kuma, wadda aka naɗa ta jagorance su a 2023, na kira ta shugabar majalisar masanan. A haka labarin ya fita. 'Yan uwa na Nijar, ku da kuka saba da kalmar ta bakin Faransanci, me kuke cewa a gidajen rediyonku?