Firinta tana buga umarni maimakon ta bi shi: in bar rahoton Access ko in koma ESC/POS?

Mai_Rasit: Assalamu alaikum. Da rahoton Access, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft, muke buga rasit a ƙaramar firintar Epson. Ina so ta riƙa yanke takarda tana buɗe durowar kuɗi da kanta. Na sa umarnin buɗe durowa, wato Chr(27) da "p" a ƙasan rahoton, sai ga ɗan murabba'i da harafin p a takarda, durowa ko motsi. In nemi dabara ta direba, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da firinta, ko in watsar da rahoton in rubuta komai da ESC/POS, yaren umarnin firintocin rasit na Epson? Tambarin da ke saman rasit nake tsoron rasawa.

Ɗan_Sitika: Ka buɗe da ^XA ka rufe da ^XZ, shi ke nan.

Injiniya_B: Epson ya ce, Malam, wannan yaren firintocin Zebra ne. Mai_Rasit, rahoto ba haruffa yake kai wa firinta ba, direba ne ke zana shafin, shi ya sa lamba 27 ta fito kamar zane. Ka bar rahotonka da tambarinsa. Idan ya gama fita, ka tura aiki na biyu ta umarnan Windows: OpenPrinter, StartDocPrinter da nau'in RAW (wato a miƙa wa firinta lambobi yadda suke), sannan WritePrinter. Lambobin buɗe durowa: 27, 112, 0, 25, 250. Yanka: 29, 86, 1. In Office ɗinka 64-bit ne, kar ka manta ka sa kalmar PtrSafe wajen gabatar da waɗannan umarnan.

Hajiya_Sito: RAW ɗin nan dai! Wani ya rubuta mana sitikar kaya da ZPL zalla, wato yaren Zebra ɗin, kowane wuri an ƙirga shi da ɗigo a kan firinta mai ɗigo 203 a kowane inci. Da ta mutu, oga ya sayo mai 300, wai ta fi kyau. Rubutu duk ya tsuke ya koma lungun sitika, bakod ya ƙanƙance har na'urar karantawa ta ƙi shi. Wanda ya yi aikin ya kulle shi a ACCDE, fayil ɗin Access da ba a iya buɗe lambobin cikinsa a gyara, waya kuma ba ya ɗauka. Kaya jibge a sito, mu muna rubuta lamba da maka har hannu ya sage, oga na tambaya me muka taɓa.

Ɗan_Sitika: Ayya Hajiya. Da ZebraDesigner, manhajar zana sitika, kuka ɗauko, kyauta ce.

Hajiya_Sito: Kyauta a ina? Da muka zo haɗa ta da rumbun bayanai lasisi ta nema.

Ɗan_Sitika: Ni sisi ban biya ba.

Injiniya_B: Kai samfurin kyauta, Essentials, gare ka, da hannu kake cike sitika. Jawo bayanai sai samfurin kuɗi, Professional.

Tsohon_Hannu: Yaran zamani da wahalar da kai. A FoxPro, tsohuwar manhajar rumbun bayanai, alamar tambaya uku kawai muke sawa, umarni ya wuce firinta kai tsaye. Ka girka direban Generic / Text Only ka huta.

Injiniya_B: Baba, da girmamawa, wannan direban ba ya buga hoto. Tambarin fa?

Tsohon_Hannu: Ina tura ESC, lamba 27 ɗin nan, ta LPT1, tsohuwar kafar jona firinta, tun ba ka san linzamin kwamfuta ba.

Injiniya_B: Allah ya ƙara girma, amma kwamfutarsa da wuya ma tana da LPT1.

Ɗan_Sitika: In durowar ta buɗe a sanar da mu, mu zo taya murna da buhu.

Mai_Rasit: Injiniya, aiki na biyun ba zai riga rahoton fita ba? Kar wuƙa ta raba rasit biyu.

Hajiya_Sito: Kafin nan ka tambayi mai sayo muku firinta. Namu ogan kwali kawai yake karantawa. An rubuta tana jin ESC/POS, muka tura yanka ta yi shiru, ashe ko wuƙa babu a cikinta.

Tsohon_Hannu: Naku da sauƙi, Hajiya. Namu takarda ya sayo mai faɗin milimita 80, firintar kuwa ta 58 ce, ya ce mu gyara a kwamfuta.