Neman shawara: mahaifinmu ya fara ba da labarin yaƙi, yaya za mu adana shi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifinmu tsohon soja ne, shekarunsa 81, ya je yaƙi yana saurayi. Duk tasowarmu ba mu taɓa jin labarin daga bakinsa ba, sai 'yan watannin nan ya fara saki. Yau ya ambaci wani aboki, gobe wani kogi da suka tsallaka, sai kuma ya yi shiru. Yana da akwatin ƙarfe mai ɗauke da takardar sallamarsa, hotuna 12, lambobin yabo uku, wasiƙu da kaset biyu. Ƙanena ya ce a yi wa takardun laminatin, a goge lambobin su yi ƙyalli. Ni na rasa ta inda zan fara, kuma ina tsoron tono masa abin da ya binne. Don Allah masu sani ku taimaka.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ki bar akwatin nan tukuna. Takardar da ta yi shekara sittin a kwance za ta iya jiran wata uku. Muryarsa ce abin gaggawa.

Wayarki ta isa, amma ki nemi ƙaramin makirufo mai maƙalawa a wuyan riga, ki sa shi kamar taƙi ɗaya daga bakinsa. Ki ɗauka a tsarin WAV, wato nau'in fayil na sauti da ba ya rage komai, ki saita ingancinsa a 48 kHz, domin tsarin MP3 yana zubar da wani ɓangare na sautin kuma ba ya dawowa. Awa ɗaya a WAV ba za ta wuce gigabait ɗaya da ɗan wani abu ba. Ki sa wayar a yanayin jirgi, kira ɗaya yana iya yanke aikin ba ki sani ba. Ki kashe fanka da talabijin, ki zaɓi ɗaki mai labule da darduma don kada sauti ya yi amsa-kuwwa. Ki gwada daƙiƙa 30, ki saurara da abin kunne kafin a fara. A farkon kowane zama ki faɗi kwanan wata, sunansa da naki.

Zama kada ya wuce minti 45 zuwa awa ɗaya, da safe ya fi. Zama shida gajeru sun fi yini guda. Kuma kada ki fara da fagen fama. Ki fara da ranar da aka ɗauke shi aiki, horon da aka ba su, kakin da ya fara sawa, wa ke kwana kusa da shi, yaya saƙon gida ke isa gare su. "Baba, yaya aka yi ranar da kuka tashi?" tana jawo labari. "Kun ji tsoro?" e ko a'a kawai za ki samu. Idan ya yi shiru, ki ƙirga goma a zuci kafin ki ce uffan, yawanci maganar da ta fi nauyi bayan shirun take fitowa. In ya rikita shekara ko sunan gari, kada ki gyara masa a wurin. Ki rubuta a gefe, a duba daga baya. Dattijon da aka gyara wa magana sau biyu sai ya koma "to ai kun fi ni sani", shi ke nan zama ya mutu.

Amsa ta biyu:
Kan tsoron da kika ambata, yana da tushe. Kada ki tambaye shi ko ya kashe wani. In yana so, da kansa zai faɗa. Ki lura da jikinsa: rawar hannu, gumi, numfashi sama-sama, ko ido ya kafe wuri ɗaya kamar ba ya ɗakin. Da kin ga haka ki tsaya, ki kira sunan da kike kiransa, ki kawo zancen yau. Hawaye kaɗai ba dalilin kashe na'ura ba ne, ki tambaye shi ko a ci gaba. Kada a yi zaman dab da barci, kuma kada a rufe shi a kan labari mai ɗaci. Washegari ki tambayi wanda ke kwana kusa da shi yadda ya kwana. Idan mugun mafarki ko firgita ya wuce 'yan kwanaki, a dakata a ga likitan ƙwaƙwalwa.

Abu na biyu, izini. Ki ɗauki amsarsa da muryarsa: wa ya yarda ya ji, wane ɓangare ne sai bayan ransa. Yana iya ambatar mutanen da iyalansu ke raye, don haka ba kowane yanki ne na watsawa ba.

Amsa ta uku:
Ki gaya wa ƙanenki ya yi haƙuri da laminatin. Zafi da manne ne ke shiga cikin takardar, ba a iya cirewa, kuma da daɗewa tana yin rawaya. Haka salatif. Ku cire robar ɗauri da duk ƙarfen da ke tsatsa, ku warware wasiƙun a hankali, kowace a jakar takarda marar asid ko ledar poliyesta. Ledar PVC, mai warin sabuwar roba, tana cin hoto. Wurin ajiya ya zama mai sanyi da bushewa, laima tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, nesa da rufin kwano, nesa da ƙasa da bangon banɗaki.

Hotuna a yi musu sikanin a 600 dpi (ma'aunin kaifin hoto), tsarin TIFF (nau'in fayil da ba ya rage ingancin hoto), gaba da baya, domin bayan hoto kan ɗauki suna ko kwanan wata. Rubutu a bayan hoto da fensir mai laushi, 2B, a gefe. Biro yana hudowa.

Lambobin yabo kada a sa musu man goge ƙarfe, yana cinye zanen da rubutun gefe. Burushi mai laushi ya isa, kuma kada a wanke ƙyallen da ke jikinsu. Kaset kuwa, ku karya ɗan harshen da ke samansa don kada a ɗauki wani abu a kai bisa kuskure, sannan a juye shi zuwa kwamfuta tun a saurare na farko. Tsohon zare yana iya tsinkewa a zagaye na biyu.

Amsa ta farko, ƙari:
Malam mai amsa ta uku ya yi daidai, sai dai ku haɗa aikin biyu. Ki miƙa wa Baba hoto ɗaya a kowane zama, ki faɗi lambarsa da baki, "wannan hoto na huɗu ne", ya bi fuskokin daga hagu zuwa dama. In ba haka ba za ki ji yana cewa "wannan da wancan", ba wanda zai gane su wa yake nufi. Ki kuma kwafe lambarsa ta soja, bataliyarsa da shekarun aikinsa daga takardar sallama. Da lambar ake neman fayil a ma'ajiyar sojoji, suna kaɗai ba ya wadatarwa.

Amsa ta huɗu:
Inda iyalai suka fi yin asara shi ne ajiya. Kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gidan daban. Filasha ba ma'ajiya ba ce, in ta yi shekaru ba a jona ta ba tana iya zubar da abin da ke ciki. WhatsApp yana matse hoto, sai in an tura shi a matsayin fayil. Sunan fayil ya fara da shekara, wata, rana, sannan lambar zama. Rubuta hirar awa ɗaya kalma da kalma kan ci awa huɗu zuwa shida, don haka ki fara da jadawali: a minti na 12 zancen horo, a minti na 31 tsallaka kogi. In kina son ma'auni, shirin tarihin tsofaffin sojoji na Laburaren Majalisar Amurka, wanda aka kafa a 2000, yana karɓar hira daga minti 30 zuwa sama.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: bidiyo ko murya? Baba ba ya son kyamara.

Amsa ta farko:
Murya, tunda ba ya so. In ya saba, a zama na uku ko na huɗu ki roƙe shi minti biyar na bidiyo yana riƙe da lambobinsa yana faɗin sunan kowace. Ki kwantar da wayar a kan abin da ba ya motsi, taga tana bayanki, hasken yana faɗa masa a fuska.