Me za mu kira imfela da Hausa?

Mai gyaran injin jirgi:
Jama'a, ina neman sunan da za mu tsaya a kai. A injin da ake rataya a bayan kwale-kwale akwai wata 'yar roba mai fikafikai, yawanci shida, cikin gidan famfo a saman akwatin giya. Sandar da ke saukowa daga inji ce ke juya ta, ita kuma ta tura ruwa sama ya sanyaya kan inji. Imfela muke cewa, wasu na cewa farfela.

Mai sayar da kayan gyara:
Farfela kam a bar ta. Farfela ita ce ta waje mai tura jirgi, kuma mai saye ya ce farfela, ita za a miƙo masa. Fanka ma ba ta dace ba, iska take kaɗawa. Ni robar famfo nake so.

Matuƙi:
Ina goyon baya, Malam. Sunan ma na tuna wa mutum cewa roba ce. Ruwa ne ke sa ta santsi, don haka tayar da inji a tudu ba ruwa, ko na ƙasa da minti ɗaya, yana ƙona fikafikan. Ajiya mai tsawo kuma tana sa su bushe su lanƙwashe. Alamar ita ce ruwan da ke tsartuwa ta bayan inji ya yi rauni ko ya ɗauke. Amma kafin a kwance giya a zura zaren kamun kifi a ramin da ruwan ke fita, sau da yawa yashi ne kawai ya toshe shi.

Mai gyaran injin jirgi:
Da sauran magana. Famfon mai shi ma yana da roba a ciki, shimfiɗaɗɗiya, wadda ke bugawa tana jan fetur. In ta yage, a inji mai bugu biyu fetur kan zarce cikin inji, filogi ɗaya ya jiƙe ya yi baƙi, hayaƙi ya yawaita. Wani lokacin inji na mutuwa sai an ci gaba da matsa ƙwallon robar da ke jikin tiyon fetur. Yaro aka aika ya sayo robar famfo, wacce zai kawo?

Mai sayar da kayan gyara:
Gaskiyarka, Maigida. To a raba su. Ta mai ba ta da fiffike, tantani ce, sai mu ce tantanin famfon mai. Waccan kuma robar famfon ruwa.

Mai gyaran injin jirgi:
Na amince. Mai sa sabuwar robar famfon ruwa ya juya sanda yadda hannun agogo ke tafiya yana danna gidan famfo ƙasa, kar ya manta ɗan ƙarfen da ke kulle ta da sanda. In tsohuwar ta fito da gutsurarren fiffike, a nemo guntun, domin yakan hau ya toshe hanyar ruwa ko ya maƙale a tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗau zafi, inji ya ci gaba da zafi duk da sabuwar roba.